Yadda Za Ka Gano Dalilin Sauyi a Al'umma

Ni dai in zan nazarci sauyi, da tambayar Karl Marx, masanin falsafa ɗan Jamus, nake farawa: wa ke da dukiya, wa ke yi masa aiki? Dubi Ingila a ƙarni na 19, talakawa suka bar karkara suka cika masana'antu, sai ga ƙungiyoyin ƙwadago.

Daga nan ka binciki aƙidar mutanen, don Max Weber, masanin zamantakewa ɗan Jamus, ya nuna ita ma tana juya tattalin arziki.

Sannan ka auna haɗin kansu. A nan ra'ayin masanin tarihi Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya fi gamsar da ni: masu mulki in suka nutse cikin jin daɗi, asabiyyarsu, wato haɗin kansu, kan yi rauni, sai waɗanda wahala ta haɗa kansu su ƙwace daular.