Babi na 6: Hoton cikin ido da ake aika wa likita

Darasi na 1: Mene ne wannan hoto?

Ku sa yatsa a kan layi na farko, mu karanta tare, sannu a hankali.

A can bayan ido, daga ciki, akwai wata siririyar fata mai karɓar haske. Likitoci suna ce mata ratina. Ƙananan jijiyoyin jini ne ke ciyar da ita. Ciwon sukari da hawan jini suna lalata jijiyoyin nan har su riƙa yoyon jini da ruwa. Babu zafi, babu ƙaiƙayi, ido ba ya ja. Mace tana iya zura zare a allura alhali ɓarna ta riga ta fara. Shi ya sa ba a jira sai gani ya ragu.

Likitocin ido ba su da yawa, galibinsu suna manyan birane, kuma daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne. Dabarar ita ce hoton ya yi tafiyar, mai ido ya zauna kusa da gida. Inda aka kawo na'urar ɗaukar hoton ido, ma'aikacin da aka koya wa aikin zai ɗauki hoton bayan idonku, ya aika ta intanet, likita ya duba a kwamfutarsa, ya maido da amsa. Ingila ta fara irin wannan shiri ga masu sukari tun 2003.

Wanda aka gano yana da sukari yana babba, a duba idonsa tun lokacin da aka gano, sannan sau ɗaya kowace shekara. Mai sukari da ta samu juna biyu, ta je tun farkon ciki. Wanda mahaifi ko ɗan uwansa ya makance da hawan jinin ido, shi ma ya je, don hoton yana nuna kan babbar jijiyar gani.

Darasi na 2: Kafin ku fita daga gida

Ku ci abinci, ku sha maganinku kamar kullum. Wannan ba awon jini ba ne, ba a zuwa da yunwa. Ku ɗauki karnen asibiti, wato ɗan littafinku na asibiti, da kwalin maganin da kuke sha, da tabarau in kuna da shi. Ku rubuta lambar salularku a takarda da manyan lambobi, ku ƙirga su: takwas ne. In bakwai kuka gani, kun tsallake ɗaya, amsa kuwa ba za ta same ku ba.

Ku tafi da ɗan rakiya. Wani lokaci ana ɗiga magani don buɗe ɗan baƙin ɗigon nan na tsakiyar ido. Yana ɗan yaji na ƴan daƙiƙu, ya fara aiki bayan minti 20 zuwa 30, gani ya yi dishi-dishi na awa 4 zuwa 6, hasken rana ya dame ku. Ranar ba a tuƙa moto, ba a tuƙa mota. Masu kabu-kabu, da ku ake.

Da farko za a gwada ganinku da allo mai harafin E. Ba karatu ba ne, kada gabanku ya faɗi. Ku nuna da hannu inda ƙafafun harafin suka fuskanta: sama, ƙasa, dama ko hagu. Ku rufe ɗaya idon da tafin hannu, kada ku danna shi, kada ku leƙa ta tsakanin yatsu. Mai leƙe kansa ya cuta.

Darasi na 3: Zama gaban na'ura

Nan ne aikin yake, nan ne kuma aka fi tuntuɓe. Na'urar tana leƙa cikin ido ta ɗan baƙin ɗigon nan, wanda faɗinsa milimita 4 ne ko kusa da haka, kamar mai leƙen ɗaki ta kafar makulli. Kai ya gusa kaɗan, kafa ta kuɓuce, hoto ya fito baƙi a gefe ɗaya.

Za a zaunar da ku a ɗaki mai duhu kamar minti 5, don ɗigon ya buɗe da kansa. Kada ku kunna salula, haskenta yana tsuke shi. Sannan ku cire tabarau. Baba, a ɗan ja rawani ko hula baya. Inna, a ɗan ja hijabi daga goshi, fuska kawai ake so.

Abu uku ne, ku faɗa da ƙarfi: haɓa a ƙasa, goshi a manne, ido a kan kore.

Haɓa a ƙasa: akwai ɗan madogari mai lanƙwasa, ku ɗora haɓarku a kai, ku rufe baki. Kada ku yi magana, don in baki ya motsa kai ma ya motsa. Ko an gaishe ku, a bari sai an gama.

Goshi a manne: akwai maɗauri a sama, goshinku ya taɓa shi, ya zauna a nan. Mutane da yawa suna ɗora haɓa daidai, amma da na'ura ta matso sai su ja goshi baya. Na'urar ba ta taɓa ido. Ba ta da allura, ba ta hura komai. Goshi a manne. In kujera ta yi ƙasa ko ta yi sama, ku faɗa tun kafin a fara, a gyara muku, don wuyan da ya gaji shi ke janye goshi.

Ido a kan kore: a cikin na'urar za ku ga ɗan koren haske. Shi za ku kalla, shi kaɗai. Kada ku nemi fuskar ma'aikaci, kada ku bi hannunsa. In koren ya koma gefe, da gangan aka mayar da shi, don galibi hoto biyu ake ɗauka a kowane ido, ɗaya na tsakiyar gani, ɗaya na kan jijiya. Ku bi shi da ido, kai yana nan inda yake. Mu sake: ido ne ke bi, kai ba ya bi. In ba ku ganin koren sam, ku faɗa, za a nuna muku inda za ku kalla da ɗaya idon.

Ƙiftawa fa? Ku ƙifta yadda kuke so har sai an ce ku buɗe. Sai ku ƙifta sau biyu, ku buɗe idanu duka biyu sosai, ku tsaya. Kada ku runtse ɗaya, don in an runtse ɗaya ɗayan ma yana kankancewa, gashin ido ya shiga hoto. Farin haske zai walƙa. Za ku ga wani tabo yana yawo na ƴan mintoci, zai wuce. Bayan walƙiyar ɗigon idanu biyun yana tsukewa, shi ya sa ake ɗan jira kafin a ɗauki na biyu. Ma'aikaci ba wasa yake da lokacinku ba.

Ku gwada yanzu, biyu-biyu. Ɗaya ya dunƙule hannu a kan tebur ya ɗora haɓa, ɗayan ya dafa masa goshi da tafin hannu, ya ɗaga yatsa a gabansa yana kai shi dama da hagu. Ido ya bi yatsa, goshi kada ya rabu da hannu. Madalla. Wanda ya kuskure ya sake, ba abin kunya ba ne, hatta masu boko suna ja da baya a karon farko.

Amma fa a ji da kyau. Wanda ya zauna yana dariya a aji, gobe shi ne zai sa a ɗauki hoto sau biyar, layi ya tsaya, tsofaffi suna zaune a rana, batir yana ƙarewa. Hoto mai dishi likita ba zai karanta shi ba, ba zai kuma yi kame-kame da idon mutum ba. Sai a sake kiranku, ku sake biyan kuɗin mota daga Mirya ko Magarya. Haɓa a ƙasa, goshi a manne, ido a kan kore. Ku rubuta shi sau uku a kayenku.

Ba kowane lalacewar hoto ne laifinku ba. Yanar ido tana tare haske, ƙurar hunturu tana hawa gilashin na'ura ta bar tabo. Wannan na ma'aikaci ne da likita.

Darasi na 4: Karanta amsa

Ba lallai amsa ta zo ranar ba, balle in rezo ya yi rauni. Kafin ku tashi ku tambayi majo, wato ma'aikacin asibiti, ranar dawowa, a rubuta muku a karne.

A takarda za ku ga OD da OG. OD idon dama, OG idon hagu. Amsa iri uku ce. In ba a ga alama ba, ku dawo bayan wata 12. In hoto bai fito ba, ba a ce kuna lafiya ba, a sake. In an ga alama, za a tura ku wurin likitan ido, kamar a babban asibitin ƙasa na Damagaram, ku je a ranar da aka rubuta ko da kuna gani garau. Wurin likitan ido ne ake awon ƙarfin ruwan ido, a yi magani da hasken leza, ko allura, ko aiki.

Darasi na 5: Abin da ba ya jiran hoto

Gani ya ɗauke farat ɗaya, ko duhu ya rufe gefe ɗaya, ko baƙaƙen ɗigo sun cika ido: asibiti yau. Haka nan ciwon ido mai tsanani da amai bayan an ɗiga magani.

Aikin gida: ku rubuta lambar salularku, da OD, da OG.