Kafet ɗin Gidan Haya a Jamus da Kalmomin da Suka Ci Mini Kuɗin Ajiya

Cikin 'yan watannin nan na ga 'yan'uwa uku da suka iso Hamburg sun sa hannu a takardar haya ba tare da sun dubi abin da suke takawa ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Batun rajistar adireshi, wato Anmeldung, ba ya bukatar dogon bayani: kwana 14 ake ba mutum bayan ya tare, ya karɓi takardar shaida daga mai gida ya kai ofis. Ni abin da ya ƙona ni shi ne kafet.

Bajamushe ya bambanta Teppich, wato darduma da za ka naɗe ka saɓa a kafaɗa, da Teppichboden, wanda aka shimfiɗa daga bango zuwa bango kuma galibi aka manne shi da daɓe. Idan na biyun ka tarar a gidan, dukiyar mai gida ce da aka ba ka amana. Yawancinmu waya muke ba wa takarda ta juya mana zuwa Turanci, sannan mu ƙarasa fassarar zuwa Hausa a cikin kai, kuma a wannan doguwar hanya ne kalmomin biyu ke narkewa su zama kafet kawai. Abin da ke rataye da wannan bambanci shi ne Kaution, kuɗin ajiya da mai gida ke riƙewa don ya cire kuɗin ɓarna a ciki, wanda doka ta ce kada ya wuce hayar wata uku ban da kuɗin ɗumama ɗaki da ruwa, kuma ta yarda a biya shi kashi uku.

A Sallata ta farko na tara baƙi, kwanon miyar manja ya kife a tsakiyar falo. Washegari na yi abin da na taso na ga ana yi, na ɗauko bokiti da omo da burushi na dirje wurin har hannuna ya yi tsami. Manjan ya ƙara faɗi, ruwan kuma ya shige ƙasa, ga sanyi, ga tagogi a rufe. Bayan makonni wari ya tashi, na koyi kalmar Schimmel, wato fumfuna, daga bakin mai gida yana nuna mini ita da tsinin takalminsa. Da na karanta bayan kwalbar maganin tabo, wanda suke kira Fleckenentferner, da na ga an rubuta nicht reiben, ma'ana kada a goga, da kuma abtupfen, wato a riƙa danna tsumma a hankali yana tsotse tabon. Tabon mai yana jin Gallseife, sabulun da ake haɗawa da ruwan matsarmamar shanu, amma a fara gwada shi a lungu. Idan kuma an rubuta Schurwolle, ulu ne tsantsa, ba ya son ruwan zafi. Wankin kafet gaba ɗaya aikin Waschsauger ne, injin da ke fesa ruwa ya zuƙe shi nan take, ana samun hayarsa a shagunan kayan tsafta irin su dm da Rossmann da kuma na kayan gini, sai dai kada a kunna shi ranar Lahadi ko bayan ƙarfe 10 na dare.

Inda aka fi cutuwa shi ne ranar tashi. Idan takarda ta ce a mayar da gida besenrein, sharewa da kwashe kaya kawai ake nufi. Sashe na 538 na dokar farar hula ta Jamus ya ce ɗan haya ba ya biyan Abnutzung, wato tsufan da zama na yau da kullum ke jawowa, kamar sawun ƙafa ko gurbin ƙafar kujera. Abin da yake biya shi ne Schaden, ɓarna irin tawa, kuma ko a nan ana rage shekarun da kafet ɗin ya yi, don kotuna kan ƙiyasta rayuwarsa da kimanin shekara 10. Ni ban san haka ba, na bari aka cire mini kuɗin sabo fil a kan tsohon da ya riga ni shiga gidan da shekaru.

Jama'armu, daga 'yan Kano har 'yan zangon Kumasi, ba sa barin baƙo ya kwana a waje, wannan kam abin alfahari ne. Amma ina jin haushin mai cewa mai gidansa mutumin kirki ne, don haka ba sai an rubuta komai ba. Ranar karɓar makulli ana cike Übergabeprotokoll, takardar da ke bayyana halin da gida yake ciki, kuma duk tabon da ba a rubuta a ciki ba zai iya zama naka ranar tashi. A ɗauki hoto, a shiga ƙungiyar 'yan haya ta Mieterverein, a kuma yanki inshorar Haftpflicht, wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa kayan wani bisa kuskure. Makon jiya na raka wani ƙanena karɓar ɗaki, na durƙusa ina ƙirga tabo yana jan rigata don kunya, muka tashi da guda bakwai a rubuce.