Yadda Ake Aiki da Injin Wanki Mai Murfi a Sama, da Abin da Za Ki Duba Kafin Ki Kira Mai Gyara

Yawancin injinan wankin da ake kiranmu mu duba a gidajen Gusau lafiyarsu ƙalau. Ko dai ruwa ya ƙi shiga, ko ya ƙi fita, ko an cusa wa injin kayan da suka fi ƙarfinsa. Musamman a gidajen amare: an haɗo injin cikin kayan ɗaki, an yar da littafinsa tare da kwali, ba a jima ba sai ka ji waya, "Malam, injin ga ya lalace, zo ka gani." In ka je, aikin da za ka yi bai wuce wanke wata 'yar rariya ba, amma dole a biya kuɗin mashin da na aiki.

Ki fara sanin wane iri gare ki. Akwai mai baho biyu, ɗaya na wanki ɗaya na matsa, wanda ke da kanki za ki zuba masa ruwa ki murɗa lokaci. Akwai kuma mai baho ɗaya mai sarrafa kansa, wanda zai ja ruwa, ya wanke, ya ɗauraye, ya matse. A wurina, duk gidan da ke sayen ruwa hannun 'yan ga-ruwa bai da abin yi da mai sarrafa kansa. Na kilo 7 ko 8 yana iya shan lita 100 ko fiye a wanki ɗaya, jarka huɗu ke nan ta lita 25. Mai baho biyu kuwa, ki wanke farare, ki bi da masu launi a cikin ruwan guda, kuma ko an ɗauke wuta kina tsaka da aiki ba abin da zai rikice masa.

Wurin ajiya: daɓe mai ƙarfi, a inuwa, ƙafafu huɗu duk a ƙasa. Ki dafa kusurwa ki girgiza. In ya yi rawa, a murɗa ƙafar da ake daidaitawa har ya tsaya. Kada a tokare shi da kwali ko tsumma, matsa ɗaya za su zame. Ranar bazara tana cin roba, tana kuma ƙona maɓallan sama, don haka tsakar gida ba mazauninsa ba ne. Wani faifan roba yana zuwa cikin kwalin wasu injinan, mutane suna ɗauka shara ce. Murfin ƙasa ne, na tare ɓeraye, a ɗaura shi.

Ruwan shiga

Nan ne mafi yawan matsalar take ga mai sarrafa kansa. Injin ba shi da famfon da ke zuƙo ruwa. Bawul ne kawai a bayansa, wuta ta buɗe shi, ruwa ya shigo da ƙarfin kansa. In ruwan ba shi da ƙarfi, zai dinga ɗiga, injin ya jira na wani lokaci, in bai ga ruwa ya kai inda yake so ba ya tsaya ya hau ƙara. A LG za ki ga IE, a Samsung 4E ko 4C. Sauran kamfanoni kowa da lambarsa, shi ya sa ba a yar da littafin.

Ƙarfin ruwan tanki daga tsayinsa yake zuwa, ba daga girmansa ba. Tankin lita 2000 da ke zaune kan bulo biyu ba zai ciyar da injin ba, alhali na lita 500 da ke can sama zai yi. Abin da ake nema shi ne tazarar mita 3 zuwa 5 tsakanin ruwan tanki da bakin injin. Gwajin ba wuya: ki kwance tiyo daga bayan injin, ki saka bakinsa a bokiti, ki buɗe famfo gaba ɗaya. In ruwan na fitowa da ƙarfi, laifin ba na tanki ba ne. In yana zuba a sanyaye, sai dai a ɗaga tankin ko a sa ƙaramin famfo mai ƙara ƙarfin ruwa a kan bututun. Famfon ya fi sauƙi a aljihu bisa kiran mai walda ya sake ƙafar tanki, sai dai shi ma wuta yake ci.

To, a ce ruwan na da ƙarfi amma injin bai cika ba. Ki leƙa ramin da kika kwance tiyon, za ki ga 'yar rariya kamar hular kwalba. Ruwan burtsatse yana tafe da yashi mai laushi, na famfo kuma da damina ja yake zuwa, ga tsatsar tsohon bututu, ga gansakukar tankin da ba a rufe ba. Duk nan suke taruwa su toshe. Ki zare fulogi, ki rufe famfo, ki kama rariyar da filaya ki jawo ta a hankali, ki wanke da tsohon buroshin haƙori har ki ga haske ta cikinta. Kafin ki mayar, ki saki ruwa ta tiyon cikin bokiti ya kore dattin da ke ciki, in ba haka ba kin yi aikin banza. Sannan ki duba zoben robar da ke bakin tiyo yana nan, ki ɗaure da hannu kawai. Masu ɗaurewa da filaya su ke fasa bakin bawul, shi kuwa ba a liƙe shi, sai sabo.

Abin da ba na so in gani shi ne a cire rariyar a jefar, wai don ruwa ya yi gudu. Zai yi gudu kam. Amma yashin da take tarewa zai wuce cikin bawul, ya hana shi rufewa, sai ki wayi gari injin a kashe amma ya cika yana ambaliya, tanki kuma ya ƙare. Har wasu masu gyara suna yin haka don su karɓi kuɗi su wuce. In wani ya taɓa miki injin, ki leƙa ki tabbatar ya mayar da ita. A gidan da ke shan burtsatse, a wanke ta duk wata. Tankin ma a wanke shi bayan damina, kuma ranar da aka buga sabon ruwa a bar shi ya kwanta kafin a kunna injin.

Ranar da tanki ya ƙafe, yawancin masu sarrafa kansu suna karɓar ruwan bokiti: ki zuba har ya kai matakin da kika zaɓa, injin zai ji ya fara juyi. Sai dai dole ki tsaya kusa don ki ƙara masa lokacin ɗauraya, kuma kada ruwa ya taɓa wajen maɓallai. Allon da ke ƙarƙashinsu yana cikin kayan da suka fi tsada a jikin injin.

Ruwan fita

Da yawa daga cikin irin waɗannan injinan ba su da famfon tura ruwa waje, gangarowa ruwan yake yi da kansa. Saboda haka tiyon fita a kwance ake son sa, bakinsa a makwarara. In kika rataye shi a ƙugiyar jikin injin, ko kika ɗaga shi kan babban baho don tarar ruwa, ba zai tsiyaye ba, kuma injin ba zai matse ba muddin akwai ruwa a ciki. LG zai nuna OE, Samsung 5E ko 5C. Ki miƙe tiyon, ki duba ko ya lanƙwashe a bayan injin ko ƙafa ta taka shi. In duk da haka shiru, wani abu ya maƙale a bawul ɗin ƙasa. Abin da muke cirowa kusan iri ɗaya ne ko'ina: fil na hijabi, ƙwallon dabino, guntun aswaki, maɓalli, mukullin mashin, safar jariri. Lalube aljihun maigida da na yara kafin wanki ya fi kowane gyara arha.

Zuba kaya da omo

Kilon da aka rubuta a jikin injin na busassun kaya ne, kuma ba a kai shi. Ki saki kayan ɗaya-ɗaya, kada ki danna, ki bar kamar kashi ɗaya cikin huɗu na bahon a sarari. In ya fara aiki kika ga kayan sama ba sa nutsewa suna juyawa, sun yi yawa, ki rage. Cunkoso shi ke sa bel ya saki, motar injin ta yi zafi, kayan kuma su fito da dattinsu.

Hijabi, mayafi da duk abin da ke da igiya, a saka su a jakar raga ko rigar filo a ɗaure baki, don kada su naɗe sauran kaya. Shadda mai tsada da babbar riga mai aiki ba su shiga injina ko kaɗan: faifan da ke juya kaya a ƙasan baho yana kashe ƙyallin shadda, yana tsinka zaren aiki, mai bugu kuma ba zai iya dawo da abin da ya tafi ba. Sabuwar atamfa da rini a wanke su daban karon farko. Kayan da yaro ya ɓata da fitsari ko kashi, a tsarkake su a famfo tukuna, kada najasa ta gauraya da kayan salla a ruwa guda.

Omo kuwa, kowa yana zuba fiye da kima. Kumfa ba ita ce tsabta ba. In ta yi yawa tana shiga tsakanin baho da bango ta riƙe shi lokacin matsa, ta bar fari-fari a baƙaƙen kaya, ta ci miki ruwan ɗauraya. Ki narkar da shi a kofi kafin ki zuba, musamman da hunturu da ruwa ke da sanyi. Bilic ma a tsarma shi, kada a tsiyaya shi kai tsaye kan tufa.

Wuta

Injinan nan na wuta 220 zuwa 240 ne. In aka kawo ta da rauni, fanka na juyi da ƙyar, ki haƙura da wanki. Alamar ita ce motar ta yi gurnani ba ta juya ba. Ki kashe nan take, don in ta daɗe haka ƙonewa za ta yi. Idan wutar lafiya take amma gurnanin bai daina ba, ko wani abu ya shiga ƙarƙashin faifai, ko kafasita ta mutu, irin dai yadda ta fanka ke yi, kuma canjinta ba tsada. Motar na juyi amma faifai a tsaye, yawanci bel ne. Ƙaramin janareton caji da fanka ba ya ɗaukar tashin motar, musamman in firji na kai. Mai sarrafa kansa a sa masa sitabilaiza. In kuma injin na ɗan jan ki idan kin taɓa ruwa, ki zare fulogi, kada ki ce za ki sa silifas ki ƙarasa. A kira mai wayarin ya duba wayar ƙasa ta soket ɗin.

Matsa ba ta da wani dogon bayani. Injin ya hau bugun jikinsa yana tafiya, ko ya nuna UE, kaya ne suka taru gefe guda: ki tsayar, ki baza su, ki sake. Bargo ko darduma guda ɗaya tilo kusan kullum sai sun yi haka, ki haɗa su da tawul biyu. A mai baho biyu, ki danna kayan ƙasa sosai, ki ɗora faifan robar da ke danne kaya a bahon matsa a kai kafin ki rufe, in ba haka ba safa za ta yi tsalle ta faɗa bayan baho. Minti 3 zuwa 5 sun isa, ranar garin nan za ta ƙarasa. Ya ƙi matsawa gaba ɗaya, ki duba murfin ya rufu daidai, don akwai makunni a jikinsa da ke hana juyi in yana buɗe. Kada a sa hannu sai bahon ya tsaya cak, yara kuma a kore su daga wurin.

Da kin gama, ki zazzage 'yar jakar da ke tare burbushin zare, ki rufe famfo, ki zare fulogi, ki bar murfin a buɗe har cikin ya bushe don kada ya yi wari. In ya bushe ki rufe ki yafa masa tsohon zani, saboda ƙurar hunturu.