Yadda za ka yi gudun fanfalaki ka tara wa yara tallafin lafiyar ƙwaƙwalwa

'Yar yayata tana da shekara tara lokacin da 'yan bindiga suka shiga ƙauyensu. Ba su taɓa ta ba, amma ta yi watanni ba ta barci, ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ta firgita ta fashe da kuka. Mutanen gida suka ce iska ce. Sai da muka kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa a Kaduna muka samu kanta. A layin asibitin na ga iyayen da ko kuɗin motar komawa gida ba su da shi. Abin da ya sa ni gudun fanfalaki na Legas ke nan.

Kafin ka sayi kambas, ka fara sanin inda kuɗin za su. Nemi ƙungiyar da ke aiki da yara, wadda ke da rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ka je ofishinsu da ƙafarka. Tambaye su: me naira dubu goma za ta yi wa yaro ɗaya? Ganin likita sau nawa, maganin kwana nawa? Amsar da suka ba ka ita za ka riƙa faɗa wa jama'a. Sannan, don Allah, kada ka ba da lambar asusunka. Ta ƙungiyar za ka bayar, kowa ya turo maka shaidar biya ka rubuta a littafi. Kuɗin motarka da masaukinka kuma daga aljihunka. Zargi ɗaya ya isa ya rufe hannun mutane.

Ni alkawari na riƙa karɓa a kan kowace kilomita. Tsawon gudun kilomita 42.195 ne, don haka wanda ya ce ɗari biyar duk kilomita ya san dubu ashirin da ɗaya ke kansa. Wannan dabara ta fi roƙo, don sai ka ga mutum na bin labarin atisayenka kamar shi zai yi gudun. Nan ne kuma bakin mutane ke buɗewa. Idan na ambaci ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya cewa kusan rabin matsalolin ƙwaƙwalwa kafin shekara 14 suke farawa, sai wani ya ja ni gefe ya ce, "Malam, akwai wani yarona..." Kada dai ka yaɗa hoto ko sunan yaro don neman tausayi. Amana ce.

Atisaye yana son wata huɗu zuwa biyar, bayan likita ya duba zuciyarka da hawan jini. Fita sau uku ko huɗu a mako bayan sallar asuba, da sassarfar da za ka iya magana a cikinta. Rana ɗaya ka ware wa doguwar tafiya, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan har ka kai kilomita 30, saura mako uku, daga nan ka sassauta.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne yanayi. A watan Fabrairu ake gasar, wadda aka fara a 2016, mu kuwa cikin hunturu muka yi shiri, iska busasshiya, zufa ba ta zama a jiki. Legas gumi ne tun da sassafe. Daga filin wasa na Surulere muka tashi, kafin mu gama gadar Third Mainland riga ta jiƙe sharkaf. Sha ruwa a kowace tasha ko ba ka jin ƙishi, ka riƙe dabino a aljihu, ka shafa basilin a hammata da cinyoyi. Sabon takalmi kuwa bar shi a gida. Kada ɗokin taro ya ja ka da gudu tun farko, don bayan kilomita 30 ƙafa kan yi nauyi kamar an ɗaura mata turmi. Idan ta kama ka taka, taka.

Da ka dawo, cikin mako guda ka karɓi takardar jimillar abin da ya shiga daga ƙungiyar, ka tura wa duk wanda ya ba da ko da ɗari biyu ce, tare da godiya da sunansa.