Post, position da posting: yadda ake sa kowace a gurbinta a takardar neman aiki

Shagona na buga takardu yana Birnin Kebbi, kuma rabin abin da ake kawo mini takardun neman aiki ne da na neman canjin wurin aiki. Da zarar wata hukuma ta fitar da sanarwar ɗaukar ma'aikata sai matasa su cika benci, wasu daga Jega, wasu daga Kalgo da Bunza, kowa da rubutunsa na hannu a cikin ambulan. Kalmar da ta fi kayar da su ita ce "post", sai danginta biyu, "position" da "posting".

Kafin ka ɗora biro, ka san cewa ma'aikacin gwamnati abu uku yake riƙe da su: muƙami, matakin albashi, da wurin da aka tura shi. Wance malamar jinya ce, tana mataki kaza, tana aiki a Yauri. Ana iya ɗauke ta daga Yauri a kai ta Zuru, muƙaminta da albashinta ba su motsa ba. Ana iya yi mata ƙarin girma tana nan inda take. Duk ruɗanin da nake gani daga cakuɗa ukun nan yake tasowa.

A sanarwar aiki, "post" gurbi ne, wato muƙamin da ake neman wanda zai hau. Shi ya sa kan takarda yake zama APPLICATION FOR THE POST OF, sannan sunan muƙamin. Abin da ke biyo baya sunan mai yin aikin ne: Teacher, Driver, Clerical Officer. Wanda ya rubuta "post of teaching" ko "post of driving" ya nuna wa mai tantancewa iyakar Turancinsa tun a layin farko. Ka kwafo sunan daga sanarwar harafi da harafi, har da lambar da ke maƙale a ƙarshensa. Lambar nan tana da tarko. A tsarin aikin gwamnati II tana ƙasa da I. Mai digiri sabon shiga Administrative Officer II yake nema, a mataki na 08, shi kuwa Administrative Officer I yana mataki na 09, sai an yi shekaru ana aiki ake kaiwa can. Yara da yawa suna ganin I ce farkon tsani, sai su nemi kujerar da ba su isa ba, a ajiye takardarsu gefe ba tare da kowa ya gaya musu dalili ba.

Ƙananan kalmomin da ke raka ta ma a kula da su. Gurbi "for" yake ɗauka, hukumar da ka rubuta wa kuma "to". Ka nemi aikin "for the post of Driver", ka aika takardar "to the Chairman".

Akwai wata al'ada da nake yaƙi da ita kullum. Yaro zai zauna ya ce, "Kawu, ka sa mini kowane gurbi aka samu, ni dai in shiga." Sai in ce masa, "Ɗana, akawun da zai karɓi takardar nan tari-tari yake kasa su, na direbobi nan, na malamai can. Taka wane tari za ta hau?" Wanda ya rubuta "any available post" yana ganin ya buɗe wa kansa ƙofofi da yawa, alhali jifan gafiyar Ɓaidu ya yi. Idan gurbi biyu ka cancanta, kuma sanarwar ba ta hana ba, rubuta takarda biyu.

"Position" a kan takardar neman aiki ma'anarta ɗaya da "post". Bankuna da kamfanoni da ƙungiyoyin agaji sun fi amfani da ita, ma'aikatun gwamnati sun fi sabawa da "post". Duba wadda sanarwar ta ɗauka ka bi ta, shi ke nan. Inda take rikita mutane shi ne cikin fom. Na taɓa karɓar fom ɗin wani saurayi da ya koyar a makarantar kuɗi, a akwatin "position held" ya rubuta Argungu da manyan baƙaƙe, har ya ja layi a ƙarƙashi. Ya ɗauka inda ya zauna ake tambaya. Abin da ake so a nan muƙamin da ka riƙe ne, Class Teacher ko Cashier ko Store Keeper. Garin yana da nasa akwatin. Wani kuma ya tuna katin sakamakon firamare, inda kalmar ke nufin na nawa ka zo a aji, ya rubuta cewa shi ne na uku. Fom ɗin aiki ba ruwansa da wannan.

Sai "posting", wadda muka mayar fostin a bakinmu. Ita ce tura ma'aikaci wurin da zai yi aiki. Takardar ɗaukar aiki daban, takardar fostin daban. Ta farko tana faɗin muƙaminka da matakinka da sharuɗɗa, ciki har da shekara 2 na gwaji kafin a tabbatar da kai. Ta biyu tana faɗin makaranta ko asibiti ko ofishin da za ka je. Wurin rubutu, ka tuna ba kai ka tura kanka ba, tura ka aka yi. Don haka "I was posted to Zuru" ake cewa, kuma idan za ka haɗa da muƙami sai ka ƙara "as Education Officer II". Wuri yana bin "to", muƙami yana bin "as". "I posted to Zuru" da nake yawan gani ba ta da ma'ana.

'Yan bautar ƙasa sun fi kowa shan wannan kalma. Tun da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa NYSC a 1973, sau biyu ake tura mai hidima. Takardar kira tana tura shi jiha. Bayan mako 3 a sansani, namu na dindindin a Kebbi yana Dakingari, sai a miƙa masa takardar fostin zuwa wurin da zai yi aikin shekarar, abin da suke kira PPA. Idan wurin ya ƙi karɓarka, ko kana son a sauya maka wani a cikin jihar, "reposting" za ka nema. Idan jihar gaba ɗaya kake son bari, saboda rashin lafiya ko aure ko tsaro, wannan "relocation" ne. Mai neman ɗaya da sunan ɗayan yana iya ƙare hidimarsa yana jiran amsa.

Ma'aikatan da suka daɗe ma suna tuntuɓe. Mu komai taransifa muke ce masa, amma a fayil ba haka ba ne. Matsawa daga wannan makaranta zuwa waccan a ƙarƙashin hukuma ɗaya fostin ne. Ɗauke aikinka kacokan daga ƙaramar hukuma zuwa jiha, ko daga jiha zuwa tarayya, shi ne "transfer of service". Idan aronka aka bayar na ɗan lokaci za ka dawo gida, "secondment" ne. Kowace ka rubuta, ta bi ta hannun shugabanka na kusa, da "Through" a ƙarƙashin adireshi, ya sa hannu kafin ta wuce. Wanda kuma ya riƙe kujera riƙon ƙwarya, kada ya goge "Acting" ko "Ag." daga CV ɗinsa don ya ƙara wa kansa kwarjini. Masu intabiyu suna tambayar takardar naɗi.

Akwai wata "post" da ke zuwa manne da wata kalma, kamar "post-primary" da "postgraduate". Wannan ba muƙami ba ce, "bayan" take nufi. Idan sanarwa ta ce ana son shekara 3 na "post-NYSC experience", ƙidaya tana farawa daga ranar da ke jikin takardar sallamarka ta bautar ƙasa, shekarar hidimar ba ta ciki. "Post-qualification" kuma daga ranar da ka samu shaidar karatun ake lissafi, ko da ka yi shekara goma kana aikin kafin nan.

Idan Allah ya sa takardar fostin ta zo hannunka, kada ka tsaya zagayen dangi ana taya ka murna. Je ka kai kanka wurin da aka tura ka, ka rubuta takardar kama aiki, wadda ake kira "assumption of duty", da muƙaminka yadda yake a takardar ɗauka da kwanan watan da ka iso. Shugaban wurin ya sa hannu ya buga hatimi, ka yi hoton takardar ka adana kwafi, domin daga wannan kwanan watan ake fara lissafin albashinka.