Kurakuran da ake yawan yi wajen sauya manhajar kula da Wi-Fi a jami'a

Tsohuwar manhajar da ke kula da Wi-Fi a jami'a takan shafe shekaru tana wasu ayyuka da babu wanda ya taɓa rubuta su. Ita ke aika gargaɗi idan wata na'urar watsa Wi-Fi ta mutu, ita ke riƙe da taswirar kowane bene, a wasu wuraren ma ita ke ajiye kwafin saitin na'urori duk dare. Ranar da aka kashe ta aka koma sabuwa, misali daga Cisco Prime Infrastructure zuwa Catalyst Center, ko daga AirWave zuwa Aruba Central, sai ayyukan nan su tsaya ba tare da kowa ya lura ba. Sai bayan makonni, ɗalibai su fara ƙorafin cewa babu intanet a hawa na uku na laburare, a duba a tarar na'urar ta daɗe da mutuwa.

A ganina wannan ne kuskuren da ya fi cin rai. Maganinsa shi ne a zauna da ma'aikatan da suka daɗe a sashen, a buɗe tsohuwar manhajar shafi bayan shafi, a rubuta duk abin da take yi, har rahoton da take tura wa wani shugaba ranar Litinin. Sannan a bar ta a kunne, tana kallo kawai ba ta sauya komai, na tsawon zangon karatu guda.

Na'urorin watsa Wi-Fi da ke manne a silin su ma suna da shekarunsu. Kowace sabuwar sigar manhaja tana zuwa da jerin samfuran da take karɓa, kuma tsofaffi sukan faɗo daga jerin. A ƙirga abin da ake da shi gini bayan gini tun kafin a sa hannu a takardar saye, a duba lasisi tare, domin yawancin sabbin manhajoji kuɗin shekara-shekara ake biya a kan kowace na'ura. Idan kuma za a sa sabbin na'urori, a tuna da wuta, domin galibi suwic, akwatin da wayoyin sadarwa ke haɗuwa a cikinsa, shi ke ba su wuta ta cikin wayar: tsohon suwic mai ma'aunin 802.3af yana ba da wat 15.4 ne kawai, alhali na'urorin Wi-Fi 6 da yawa suna son wat 30 na 802.3at. Na'urar za ta kunna, fitilarta ta yi kyau, amma ta rage ƙarfinta ko ta kashe wani ɓangare nata.

Sai batun satifiket, wato shaidar dijital da saba ke nuna wa waya don tabbatar da cewa ita ce ta gaskiya, inda ake yawan ƙonewa. Jami'ar da ke amfani da eduroam, tsarin Wi-Fi na haɗin gwiwar jami'o'i, tana tantance mutane ne ta hanyar ma'aunin 802.1X da sabar RADIUS mai duba bayanan shigar kowa, kuma wayar kowane ɗalibi ta riga ta amince da wani satifiket takamaimai. Idan aka sauya sunan sabar ko hukumar da ta ba da satifiket ɗin a lokacin ƙaura, wayoyi za su ƙi shiga gaba ɗaya. A da mutane kan zaɓi kada wayar ta tantance satifiket, amma tun daga Android 11 aka fara cire wannan zaɓi. Don haka kada a haɗa sauya satifiket da sauya manhaja a rana ɗaya. A kuma tabbata agogon duk sabobin ya daidaita da NTP, tsarin saita agogo ta hanyar sadarwa, domin agogon da ya karkace kan sa satifiket mai kyau ya zama kamar wanda wa'adinsa ya ƙare.

Akwai kuma zumuɗin kunna duk sabon abu lokaci guda. WPA3, tsarin tsaron Wi-Fi, ya fito a 2018, kuma wajibi ne a zangon 6 GHz, amma firintoci da makullan ƙofa da injinan ɗakin gwaje-gwaje da yawa ba su san shi ba. A ware musu tasu hanyar a 2.4 GHz, a tashoshi 1 da 6 da 11.

Yin aikin a lokacin hutu daidai ne. Kuskuren shi ne a ɗauka gwajin hutu ya wadatar. Ɗakin lacca babu kowa a ciki ba ya nuna komai. Matsala tana bayyana ne sa'ad da ɗaruruwan ɗalibai suka shigo a minti biyar, kowa da waya da kwamfuta, adireshin sadarwa da sabar DHCP ke raba wa kowace waya da kwamfuta ya ƙare. A fara da gini ɗaya mai cunkoso ana tsakar karatu, nesa da makon jarrabawa, a sanar da masu karɓar ƙorafi tun da wuri.

Hanyar komawa baya ma a gwada ta, kada a tsaya ga rubuta ta. A ɗauki kwafin saiti a ajiye a wata sabar dabam, a mayar da shi kan na'urar gwaji a ga ya tashi. A sa na'urorin silin su sauke sabuwar sigar tun kafin daren aikin, ta yadda abin da zai rage shi ne kashewa da kunnawa kawai, kuma a tsayar da sa'ar da, idan ta cika abubuwa ba su daidaita ba, za a koma tsohon tsari.