Yadda Ake Zaɓen Takalmin Hawan Babur a Hanyar Daji

A kan kwalta, ƙafar mahayi tana zaune wuri guda a kan mataki, wato ƙarfen da ake ɗora ƙafa a jikin babur. A daji kuwa ba ta hutawa: ita ke dogarawa idan tayar gaba ta zame a yashi, ita ke karo da kututture da dutsen da ciyawa ta rufe, kuma ita babur ke dannewa idan an faɗi. Babur ɗin daji mara nauyi ya ɗan haura kilo 100, manyan na doguwar tafiya irin Yamaha Ténéré 700 sun haura kilo 200. Idan wannan nauyi ya sauka a kan idon sawu, kambas ko takalmin sau-ciki ba su da abin da za su tare. Raunukan da aka fi samu su ne targaɗe da karayar idon sawu, karayar ƙashin ƙwauri, murƙushewar yatsu, da ƙunar salansa a sha-raɓa.

Abin da ya kamata ka riƙe tun daga farko shi ne taurin takalmi shi ne kariyarsa. Daɗin sawa kuwa daga dacewa da ƙafa ake nemansa, ba daga laushi ba. Duk takalmin da ya yi maka daɗi a shago don yana lanƙwasuwa ko ta ina, to haka zai bar ƙafarka ta lanƙwashe ranar faɗuwa.

Fara da sanin hanyar da kake bi

Takalman daji iri uku ne a kasuwa. Na farko shi ne na motokuros, wato tseren babur a filin ƙasa mai tudu da kwana: dogo har ƙasan gwiwa, yawanci maɗauri huɗu, tauri ƙwarai, ƙasansa kusan sumul don ya riƙa zamewa idan mahayi ya miƙa ƙafa a kwana. Shi ya fi kowanne kariya, kuma shi ya fi wuyar tafiya a ƙasa. Ƙafa biyu sukan kai wajen kilo 4. Na biyu shi ne na enduro, wato hawan babur a hanyoyin daji masu wuya. Jikinsa kusan ɗaya ne da na tsere, sai dai ƙasansa yana da haƙora masu kama ƙasa. Na uku shi ne na doguwar tafiya, wanda ya fi laushi da sauƙin yawo, galibi ba ya shan ruwa, amma an rage masa ƙarfin idon sawu.

Ga wanda ke ratsa kwazazzabo da duwatsu da taɓon damina, inda dole wani lokaci a sauka a tura babur, na enduro ya fi dacewa. Ma'aikacin lafiya ko malamin gona da ke bin hanyar burji daga ƙauye zuwa ƙauye a kan irin su Yamaha AG200, yana sauka yana shiga gidaje da gonaki, dogon takalmin doguwar tafiya zai fi yi masa amfani, domin takalmin da ya gagari mutum tafiya ƙarshensa a bar shi a gida. Amma a guji gajeren da ya tsaya a idon sawu, don ya bar ƙwauri a fili.

Takalmin ma'aikata mai ƙarfe a baki da but ɗin soja sun fi silifa nesa ba kusa ba, sai dai ba a yi su don wannan aiki ba. Ba sa hana idon sawu murɗewa, kuma igiyarsu na iya maƙalewa a giya ko birki daidai lokacin da kake son sauke ƙafa. Takalmin roba na ruwa ya fi su muni: yana zamewa, yana ficewa, zafin salansa kuma yana narka shi.

Karanta alamar da ke ciki

Leƙa cikin wuyan takalmin ka nemi ɗan ƙyallen da aka ɗinke, mai hoton mahayi a kan babur da rubutun EN 13634:2017. Wannan shi ne ma'aunin Turai na takalman babur. A ƙarƙashinsa akwai lambobi huɗu, kowacce 1 ce ko 2. Ta farko tsawo ce: 1 gajere, 2 dogo. Ta biyu juriyar gurzuwa, ta uku juriyar yanka, ta huɗu juriyar ƙasan takalmin idan an matse shi ta gefe, wato abin da ke faruwa idan babur ya danne ƙafa. A ukun ƙarshen nan, 2 ta fi 1 ƙarfi. Don daji, nemi 2 a duka huɗun. Wasu haruffa kan biyo baya: IPA na nufin an gwada kariyar idon sawu daga bugu, IPS kariyar ƙwauri, WR kuma hana ruwa shiga.

Alamar nan tana da iyaka. Ba ta gaya maka yadda takalmin zai hana idon sawu karkacewa gefe ko lanƙwashewa fiye da kima, alhali wannan ne ke karya mutane a daji. Shi ya sa takalma biyu masu lamba ɗaya kan bambanta sosai, kuma shi ya sa gwajin hannu ya zama dole.

Gwada shi da hannu kafin ka sa ƙafa

Kama baki da hannu ɗaya, dunduniya da ɗayan, ka murɗa kamar mai matse wanki. Takalmin kirki da ƙyar zai motsa. Sai ka yi ƙoƙarin ninke ƙasansa biyu: ya kamata ya ɗan ba da kai a wajen yatsu kawai, tsakiya ta tsaya ƙyam, domin akwai faranti na ƙarfe ko na roba mai tauri a ciki. Farantin nan yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. A daji a tsaye ake yin yawancin tuƙi, nauyin jiki duka a kan ɗan siririn mataki mai haƙora. In babu faranti, tsakiyar tafin ƙafa zai fara zogi tun ba a yi nisa ba.

Yanzu ka ajiye shi a ƙasa, ka taka bakinsa, ka tura wuyansa gaba da baya, sannan hagu da dama. Gaba da baya ya kamata ya tafi zuwa wani matsayi ya tsaya. Hagu da dama kuwa bai kamata ya yarda ba. Takalma masu tsada suna da gaɓa mai juyawa a saitin idon sawu wadda ke yin wannan aiki, kamar Sidi Crossfire, Gaerne SG-12 da Alpinestars Tech 10. Masu sauƙin kuɗi sun dogara ne da kaurin fata da roba, kuma suna yin laushi da tsufa. In kuɗinka zai kai ga mai gaɓa, nan ne wurin da ya cancanci a kashe shi, ba wajen launi ko sunan da ke jiki ba.

Danna bakin da babban yatsa, kada ya lotsa. Matse dunduniya, ita ma haka. Ƙwanƙwasa farantin ƙwauri ka ji kaurinsa. Duba gefen ciki, wanda ke manne da babur: ya kasance shimfiɗe, da fata ko roba mai jure zafi, babu abin da zai maƙale.

Awo

Auna ƙafa da yamma, lokacin da ta ɗan kumbura. Sa doguwar safar da za ka riƙa hawa da ita, ka tsaya a kan takarda da dunduniya jingine da bango, a yi alama a ƙarshen yatsan da ya fi tsawo. Auna ƙafa biyun, ka yi aiki da wadda ta fi girma. A lambar takalmi ta Turai, tsakanin kowace lamba da ta gaba kashi biyu cikin uku na santimita ne. Ƙara santimita 1.5 a kan tsawon ƙafarka, ka ninka da 1.5: ƙafa mai santimita 27 za ta ba ka kusan 43. Wannan mafari ne kawai, sai ka gwada shi da jadawalin kamfanin, domin 43 ɗin wani ba 43 ɗin wani ba ne.

Faɗi ya fi tsawo kawo matsala. Yawancin shahararrun takalman nan daga yankin Treviso na arewacin Italiya suka fito, kuma ƙirarsu ta sha bamban: an san Sidi da matsewa, Gaerne da yalwar baki. Wanda ya taso cikin silifa da buɗaɗɗen takalmi, sau da yawa yatsunsa a baje suke. Kada mai irin wannan ƙafa ya ƙara lamba biyu don neman faɗi, domin gaɓar takalmin za ta bar saitin idon sawunsa, dunduniya kuma ta riƙa yawo. Ya canja kamfani kawai.

Sa shi yadda za ka hau da shi

Idan kana sa kariyar gwiwa, zo da ita, domin ƙasanta cikin takalmin take shiga, kuma ita ke cinye sararin sha-raɓa. Saki maɗaurai duka, zura ƙafa, buga dunduniya a ƙasa ta koma mazauninta, sannan ka ɗaure daga ƙasa zuwa sama. Maɗaurin saitin idon sawu shi ne mai riƙe ƙafa, shi ya kamata ya fi kamawa. Na sama ya bar wurin da yatsa ɗaya zai shiga. Maɗauri ya rufe da matsi na tafin hannu, ba sai an yi kokawa ba, kuma ya rage sauran haƙora a jikin zarensa ta kowane ɓangare don gyara nan gaba.

A tsaye, tsakanin dogon yatsa da bakin takalmi ya zama kamar santimita 1, kuma yatsu su iya motsi. Ɗaga dunduniya: idan tana tashi a ciki fiye da rabin santimita, bororo na jiranka a agara. Shuri bango a hankali, kada yatsu su taɓa gaba. Tsuguna, ka hau matakala, ka tsaya a gefen dakali da tsakiyar tafin ƙafa kamar kana kan mataki. Kada ka cire kafin minti 20. Tauri ba laifi ba ne, zai ragu. Amma matsi a wuri guda, a kan ƙashin idon sawu ko gefen ƙaramin yatsa, ko yatsu su fara mutuwa, wannan ba zai tafi ba. Fata tana buɗewa, roba mai tauri kuwa ba ta buɗewa.

Zafi da ruwa

Takalmi mai shimfiɗar hana ruwa irin Gore-Tex yana da amfani a yayyafi da raɓa, amma a zafin bazara da ke haura digiri 40 ƙafa dahuwa take a ciki. Kuma idan ka ratsa rafin da ya wuce wuyansa, ruwan ta sama zai shiga, ya rasa hanyar fita. Ga mai hawa a Sahel yawancin shekara, wanda ba shi da shimfiɗar ya fi, sai a tanadi safa mai hana ruwa don damina. Safar auduga tana riƙe gumi, daga nan sai bororo da cin ruwa a tsakanin yatsu. Nemi doguwa ta zaren roba ko ta ulu mara kauri wadda ta wuce wuyan takalmin.

Idan na gwanjo ne

Ana samun na kirki a gwanjo, amma a duba da idon basira. Babban abin tsoro shi ne ƙasan da aka yi da robar foliyuritan: idan ta daɗe a ajiye a wuri mai zafi da danshi, tana ruɓewa daga ciki ko da ba a taɓa sa takalmin ba. Danna farce a gefen ƙasan. Idan ya marmashe ko ya yi danƙo, bar shi. Ja ƙasan ka ga ko gam ya saki. Duba tsaga a jikin roba kusa da gaɓa, da ramin da haƙoran mataki suka ci a tsakiya. Ƙasan da aka ɗinke ya fi wanda aka manna sauƙin gyara a wurin mai gyaran takalmi, wasu kuma, kamar Sidi masu alamar SRS, da sukuru ake kwance nasu a sa sabo. Maɗaurin da ya karye ba ya kashe ciniki idan da sukuru aka kafa shi kuma ana samun madadinsa. Jabu kuma suna nan da yawa: rashin alamar ciki, sauƙin nauyi fiye da kima, da maɗaurai masu kaushin ƙira su ne ke tona su.

Bayan an saya

Sabon takalmi yana da kaurin baki, don haka ba zai shiga ƙarƙashin sandar giya yadda tsohon ke shiga ba. Kwance notin da ya riƙe sandar, ka zare ta, ka ɗaga ta haƙori ɗaya ko biyu, ka mayar ka ɗaure. Gwada a tsaye da a zaune. Birkin baya ma a daidaita shi ya zo kusan saitin mataki, kuma a sani cewa a kwanakin farko ba za ka ji shi sosai a ƙafa ba, saboda haka kana iya takawa fiye da kima har tayar baya ta kulle. Yi atisaye a fili mara cunkoso, gajerun fita uku ko huɗu, kafin doguwar hanya. Kada a jiƙa takalmin da ruwan zafi ko a gasa shi a wuta don ya yi laushi, gam ne ke saki.

Bayan taɓo, wanke shi da ruwa da sabulu da burushi tun bai bushe ba. In da injin wankin mota ne, kada a kusanto da bakinsa wajen ɗinki da gaɓa. Cire shimfiɗar ciki, cusa tsohuwar jarida, a shanya a inuwa mai iska. Ƙurar hunturu tana cin maɗaurai da gaɓa, sai a riƙa goge su ana ɗiga ɗan mai. Sukurorin maɗaurai suna kwancewa da girgiza, a bi su da sukundireba lokaci zuwa lokaci, a kuma riƙe guda biyu da maɗauri ɗaya a jakar kayan gyara. Idan an kwana a ƙauye ko a daji, a kife takalmin a kaɗe shi da kyau kafin a zura ƙafa, saboda kunama.